Idan alƙali ne ya ci amana, wajen wa ake kai ƙararsa?

Mai_Shago:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin shari'a ku taimaka min. Shekara biyu kenan muna shari'ar gadon gonar mahaifinmu a wata kotun Musulunci a garinmu, kullum sai ɗage zama, yau alƙali ya tafi ta'aziyya gobe fayil ya ɓata. To satin da ya wuce da idona na ga ɗan abokin shari'armu yana sauke buhun shinkafa biyu da jarkar mai a ƙofar gidan alƙalin bayan magariba, kwana uku tsakani aka yanke hukunci aka ba su gonar. Wani ya ce in rubuta wa NJC, hukumar kula da alƙalai ta ƙasa da ke Abuja, shin can ne ake kaiwa, kuma za su dawo mana da gonar?

Barista_A:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka ɓata kuɗin motarka zuwa Abuja. NJC tana kula ne da alƙalan manyan kotuna, wato daga babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci har zuwa kotun ƙoli. Majistare da alƙalin ƙaramar kotun Musulunci irin naku suna ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ne, wadda ake ce ma JSC, babban jojin jiha ne shugabanta. Can za ka kai takarda, ka sa lambar shari'ar da ranakun da aka yi ta ɗage zama da ranar da ka ga shinkafar, in akwai wanda kuka gani tare ka sa shi shaida.

Amma fa abin da mutanenmu ba sa ganewa, koke daban ɗaukaka ƙara daban. Ko yau aka kori alƙalin nan hukuncinsa yana nan daram sai kotun sama ta rushe shi, kuma ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, in ka tsaya zaryar koke kwanakin suka ƙare shikenan ka yi biyu babu. Gobe da safe ka je ka nemi kwafin hukunci tukuna.

Hajiya_Umma:
Hmm Barista ka faɗi doka amma ba ka faɗi yadda abin yake ƙarewa ba. Kura ce fa ake kai wa ƙarar kura. A 2024 NJC ta gano Girandi Kadi na Yobe da babbar jojin Imo sun rage shekarunsu, me aka yi musu? An ce su yi ritayar dole su dawo da albashin da suka ci, shikenan. Da masinja ne ya yi wannan da tuni yana gidan yari yana shan gabza.

Barista_A:
Hajiya ban musa ba, ni kaina abin yana ci min tuwo a ƙwarya. NJC shawara kawai take bayarwa, shugaban ƙasa ko gwamna ne ke sa hannu a cire, in kuma shugaban kotu ne sai an samu kashi biyu cikin uku na majalisa. Sannan tun hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a shari'ar wani alƙali mai suna Nganjiwa a 2017, wanda kotun ƙoli ta tabbatar a 2022, EFCC ba ta da ikon gurfanar da alƙali mai ci kan laifin da ya shafi aikinsa sai NJC ta gama da shi. To amma ki tuna ɗaya gefen, Janairun 2019 ana saura makonni zaɓe Buhari ya dakatar da alƙalin alƙalai Onnoghen da umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata ba tare da an bi ta NJC ba, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. In aka bar wa 'yan siyasa bulalar nan, duk alƙalin da ya yanke wa gwamna hukuncin da bai so ba sai ya kwana a ciki.

Mai_Shago:
Na gode Barista, Allah ya saka. Maƙwabcina muka gani tare amma da na yi masa maganar shaida sai ya ce shi fa yana da 'ya'ya ƙanana, ba ruwansa. Gobe dai zan je neman kwafin, in magatakarda bai ce min tawadar firinta ta ƙare ba.