Kashe alamar nuna hanya a wasannin RPG: ƙarin daɗi ne ko ɓata lokaci?

Kwamandan_Dare:
Salam 'yan'uwa. Ana ta ƙorafi wai kibiyar nan mai nuna wa mutum inda zai je ta lalata wasannin RPG (wasannin bidiyo da kake zama jarumin labari ana aikenka ayyuka), ido na kan ƙaramar taswira, mutum ya ratsa gari guda bai ga ko ƙofa ɗaya ba. To in an kashe ta, wasan yana tafiya kuwa? Na fi son jin bayani kan Skyrim da Witcher 3.

Mai_Kamfas:
Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa saiti, duba abu ɗaya: wanda ya aike ka, yana yi maka kwatance da bakinsa? In ba ya yi, kashe kibiya wahala ce kawai.

Morrowind na 2002, magabacin Oblivion da Skyrim a jerin wasanni ɗaya, ba shi da kibiya ko ɗaya, don haka dole aka rubuta kwatance. Tun daga Seyda Neen, garin da ake fara wasan, ake ba ka saƙo ka kai wa Caius Cosades a Balmora, a ce in ka isa ka tambaya a mashayar South Wall. Ko ka hau ƙaton ƙwaron nan mai ɗaukar fasinja, ko ka taka da ƙafa kana karanta allunan bakin hanya. Da Oblivion ya zo a 2006 da kamfas mai alama, sai kwatance ya fara ja da baya. A Skyrim na 2011 kuwa, sau da yawa sunan kogo kawai za a faɗa maka. Dalili biyu ne. Na farko, maganar Morrowind yawancinta rubutu ce, ta Skyrim kuma murya ce da aka naɗa, kowace jimla da kuɗinta. Na biyu, ƙananan ayyukan da ba sa ƙarewa, irin su je ka kashe shugaban 'yan fashi, wasan ne ke zaɓar wurin a lokacin. Muryar da aka naɗa tuntuni ina za ta san wane kogo ya faɗo?

Abin da ke aiki a Skyrim: karɓi aikin, buɗe babbar taswira sau ɗaya, ka lura da kogi ko dutsen da ke kusa da wurin, sannan ka shiga kundin ayyuka ka cire alamar da ke kan aikin. Kibiyar za ta ɓace daga kamfas. Kada ka dogara da tsafin Clairvoyance mai haska maka hanya a wannan hali, don shi ma aikin da ke kunne yake bi.

Hajiyar_Gem:
Witcher 3 ya fi sauƙin gyara, amma kada a kashe komai lokaci guda. A saitin abubuwan da ke kan allo, fara cire ɗige-ɗigen nan da ke zana hanya a ƙaramar taswira. Su ne ainihin masu sace ido. Bayan haka a ɓoye alamomin tambaya na babbar taswira. Karanta allon sanarwa na ƙauye yana ƙaro su, kuma a tekun Skellige yawancinsu kayan 'yan fasa-ƙwauri ne iri ɗaya, ka yi ta tuƙa kwalekwale a banza.

Inda ake shan wuya shi ne cikin birnin Novigrad. Gidaje sun yi kama, wanda kake nema yana iya zama a bene, kuma ba wanda ya yi maka kwatancen lungu. Sabuntawar Disamba 2022 ta kawo mafita: ƙaramar taswira ta ɓuya yayin yawo, ta dawo in ka danna maɓallin da Geralt, jarumin wasan, ke bin sawu da shi. Wannan ya fi kashe ta ɗungurungum.

Tsohon_Hannu:
Ni dai a rage yabon Morrowind. Wasu kwatancensa a dunƙule suke, “arewa da gada” alhali tuddai sun cika wajen. Akwatin Dwemer, wata tsohuwar al'umma a wasan, da ake aika ka nema a kangon Arkngthand ɗan ƙarami ne, yana kan kanta a wani ɗaki kusa da mashiga, amma mutane kan nutsa har ƙasan kangon suna nema. Wannan ba bincike ba ne, lalube ne.

Haka Elden Ring na 2022. Hasken zinariya yana nuna babbar hanya, amma babu kundin ayyuka sam. Mutum ya yi maka magana sau ɗaya, ya tashi ya koma wani wuri bai sanar ba. Ka ajiye wasan mako biyu, ka dawo ka manta wa ya ce me. Ƙarshenta intanet za a buɗe, wato an gudu daga kibiya an faɗa hannun mai ba da amsa gaba ɗaya. Ai su kansu waɗanda suka ƙera wasan, sabuntawa ta 1.03 da suka fitar ta soma nuna sunayen mutanen da ka haɗu da su a taswira. Mai son bin aikin Ranni, ɗaya daga cikin mutanen wasan, ba tare da leƙe ba, ya ajiye takarda: sunan mutum, inda ya gan shi, wurin da ya ambata.

Tsarin da ya fi dacewa a ganina shi ne na Assassin's Creed Odyssey na 2018. Ana ba ka alamu biyu ko uku, yanki kaza, kusa da wuri kaza, kai ka nemo a taswira, in ka matso sai ka saki gaggafa ta tabbatar.

Kwamandan_Dare:
Na gode ƙwarai. Akwai wanda aka gina shi don a yi shi babu alama, amma ba irin na Elden Ring ba?

Mai_Kamfas:
Gwada Kingdom Come: Deliverance na 2018 a matakinsa mafi tsanani. Taswira ba ta nuna inda kake, kamfas ba ya nuna gabas da yamma, kuma babu tsallakawa daga gari zuwa gari. Amma kundin ayyuka yana nan, taswirar kuma an zana ta da koguna, mararraba da coci-coci daidai yadda suke a fili. Da safe rana tana gabas, ka daidaita taswira da ita. Da dare a daji kuwa kada ka bar hanya, in ka ɓace nemi rafi ka bi shi har ya fito da kai gari.