Giyar atomatik ta mutu a tsohuwar bas: yaya kuka yi da taku?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa faɗa wa. Bas ɗina ƙirar 2003 ce, giya huɗu, mai ja da ƙafar gaba, ta haura kilomita 300,000. Inji lafiya lau, ba hayaƙi, ba shan mai. Giya ce ta gaza. Da farko in na sa D da safe sai ta yi jim kafin ta kama. Daga baya ta fara zamewa tsakanin ta biyu da ta uku, inji ya yi ta kuka amma mota ba ta ƙara gudu. Yanzu in ta ɗau zafi ko ribas ba ta shiga. Sabuwar giya ta fi kuɗin motar gaba ɗaya, wannan ba ta taso ba. An ce ko in sa ta hannu, wato wadda aka ciro daga wata mota, ko a buɗe wannan a gyara, ko a mayar da ita manuwal. Da motar nan nake riƙe gida, don Allah wanda ya bi ɗaya daga ciki ya faɗa min yadda ta kaya.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin kowa ya taɓa maka noti ɗaya, a jona mata kwamfuta. Tawa ta taɓa maƙalewa a giya ɗaya, ba gaba ba baya, wani ya ce min ta mutu sai dai canji. Da aka duba, sensar gudu ce ta lalace, ɗan abu mai waya biyu da ake kwancewa daga waje. Aka sa wata, har yau da giyar nake yawo.

Usta Mai Giya:
Maganar Direban Dare gaskiya ce, kuma ina ganin irinta kullum a gareji. Giyar da kwamfuta ke sarrafawa, in ta daina samun saƙo daga sensa ko solinoyid, wato bawul ɗin lantarki mai buɗe wa mai hanya, sai ta kulle kanta a giya ɗaya don kada ta lalace. Giyar 41TE da Chrysler ke sakawa a Caravan da Voyager ta yi suna da haka, a giya ta biyu take tsayawa. Lambar da kwamfuta ta fitar za ta nuna hanya. P0700 cewa kawai take akwai matsala a sashen giya, sai an shiga ciki an karanto sauran. P0715 da P0720 na sensar gudu ne, aiki mai sauƙi. P0730 kuwa cewa take juyin da ke shiga da wanda ke fita ba su dace ba, wato sau da yawa zamewa ce ta gaske.

Amma Baban Walida, ba zan ɓoye maka ba, bayaninka ya fi kama da kulocin ciki sun cinye. Jinkiri da safe, zamewa, sannan ribas ta ɓace in mai ya yi zafi ya tsinke, alamun matsin mai ne da ke tsiyaya ta tsofaffin sil, wato robobin da ke hana yoyo. Ka zaro gejin man giya ka shinshina. Mai lafiyayye ja ne, wanda ya ƙone baƙi-baƙi ne mai ƙauri. Sannan a kwance kwanon ƙasan giyar a gabanka. Akwai maganaɗisu a ciki. In ɗan laka mai toka-toka ne kawai a jikinsa, wannan tsufa ne, kowace giya na yi. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli, ko baƙin gari ya kwanta a gindin kwanon, to ta tafi. Canjin mai ba zai dawo da ita ba, kada ka zuba kuɗi a nan.

Maman Sadiq:
Ni ta hannu na sa, kuma abin da ya same ni nake so ka kauce wa. Mai aikin ya ɗora giyar lafiya, amma bai wanke bututan da ke kai mai lagireto don ya huce ba. Dattin tsohuwar giyar duk yana ciki, ana tayar da mota ya koma cikin wadda aka sa. Ba a jima ba ta fara fizga. Allah ya taimake ni mai kayan ya ba ni garanti a rubuce, ya canza min wata. A karo na biyu na tsaya a kai aka canza lagireton aka sa sabuwar filta. Abin ya yi min ciwo sosai, domin kuɗin aiki sau biyu na biya, shi garanti ba ya ɗaukar wannan. Ka tambaya tun farko me garantin ya ƙunsa, kuma daga ranar saye yake farawa ko daga ranar ɗorawa.

Alhaji Mai Kaya:
Ni ban goyi bayan ta hannu ba. Giyar da za a ciro daga mota sa'ar taka, ai shekarunsu ɗaya, kuma ba ka san wahalar da ta sha ba. Araha ba ta ado. Ni buɗe tawa aka yi, aka zuba sababbin kuloci da sil da filta, aka canza konbata, wato abin da ke haɗa inji da giya. Ta fi tsada, mota kuma ta kwana a gareji, amma na san abin da ke cikinta. Sharaɗin shi ne mai aikin ya zama giya ce sana'arsa, ba kowane bakanike ba. Ka leƙa wurinsa, in a kan ƙasa cikin ƙura yake baza kayan ciki, ka ja motarka.

Sarkin Hanya:
Na mayar da tawa manuwal, ban yi nadama ba, amma tawa mai ja da ƙafar baya ce kuma kamfanin ya yi irinta manuwal, sai na samu komai daga mota ɗaya: giya, fulawil, kuloci, feda, shaf. In irin taka ba a taɓa yin ta da manuwal ba, ka manta da wannan hanyar, ƙere-ƙere da matsalar waya za su cinye abin da kake son ragewa.

Usta Mai Giya:
Alhaji yana da hujja, sai dai in ƙarfen ciki ya farfashe, kuɗin gyara kan wuce na ta hannu nesa ba kusa ba. Ga mota mai wannan shekarun, ni ta hannu nake ba wa mutane shawara, amma da ido a buɗe. Mafi kyau wadda aka ciro daga motar da haɗari ya kashe ta baya ko ta gefe, domin tana tafiya har ranar da aka buge ta. Motar da aka kawo jikinta sumul, ka tambayi kanka me ya kawo ta. Ka tabbata lambar da ke jikin giyar ta dace da taka, ba sunan mota da shekara kawai ba. Soket da giyar ƙarshe kan bambanta. Ka bincika tarihin ƙirar ma. A 2004 Honda ta yi kiranyen Odyssey na 2002 zuwa 2004 saboda giya ta biyu na ɗaukar zafi, wanda zai sayi irin wannan ya kamata ya san ko an yi mata gyaran.

Wajen ɗorawa ga inda ake ɓarna: konbata. Dole a tura ta ana juyawa har ta zauna daram a kan famfon mai kafin a haɗa da inji. In ba ta zauna ba aka ɗaure da ƙarfin noti, famfon ya fashe kafin mota ta motsa. Tun da giya na ƙasa, a canza sil ɗin bayan inji da na shaf, kuɗinsu kaɗan ne. Mai kuma wanda littafin motar ya ce. 41TE ATF+4 take sha, Toyota da yawa na farkon shekarun 2000 T-IV suke so. Wanda ya ce maka duk jan mai ɗaya ne, kada ka ba shi motarka.

Baban Walida:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. An jona kwamfuta, P0730 ta fito. Mun kwance kwanon, maganaɗisun ya yi gashi da ƙarfe, man baƙi ƙirin. Na samu ta hannu daga motar da aka daka ta baya, lambarta ta yi daidai da tawa, an rubuta min garanti daga ranar ɗorawa kamar yadda Maman Sadiq ta ce. Lagireto sabo na saya. Usta, tambaya ɗaya ta rage: konbatar da ta zo da giyar zan bari, ko tawa ta dā?

Usta Mai Giya:
Wadda ta zo da ita. Taka ta dā cike take da dattin nan da ka gani, kuma ba ta wankuwa sai an yanka ta. Bayan ɗorawa a goge tsofaffin lambobin kwamfuta, a auna mai da inji a kunne yadda littafin ya ce, sannan ka lallaɓa ta ba lodi na 'yan kwanaki, ka dawo a sake duba geji da ƙasan motar ko akwai yoyo.