Sensar iskar taya na wilin hunturu, Tesla Model 3: ta kamfani ko ta kasuwa?

Baƙon Montreal:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu motar lantarki a ƙasashen sanyi ku taimaka min da shawara. Wannan ne hunturuna na farko da mota a Kebek, kuma kun san dokarsu, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole tayoyin sanyi ne a ƙafar mota, masu tambarin dutse da ƙanƙara ɗin nan, in ba haka ba tara. Na sayi Model 3 na hannu, na kuma samu wili huɗu inci 18 masu sauƙin kuɗi don kar in riƙa cire taya ina mayarwa a wili ɗaya sau biyu a shekara. To sai mai shagon taya ya tambaye ni wace sensa (na'urar da ke auna iskar taya ta nuna a allon mota) zai saka a ciki, nai shiru wlh don ban ma san akwai wani abu a cikin taya ba bayan iska. Na duba intanet na ga wasu guda huɗu da kuɗinsu bai kai na guda biyu na kamfani ba. In saya ko tarko ne? Ko ma in bar su haka ba sensa?

Direban Laval:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin maganar kuɗi, motar ta wace shekara ce? Don nan ne mutane ke faɗawa rami. Model 3 na farko daga 2017 zuwa wajen ƙarshen 2020 sensarsu da rediyo take magana, 433 MHz, daga nan Tesla suka koma Bluetooth, kuma ɗaya ba ta jin yaren ɗaya ko kaɗan. Ni abin da ya same ni kenan, tawa 2022 ce na ga an rubuta "na Model 3" na danna na biya ban karanta ƙasa ba, aka ɗaura tayoyi aka yi balansin komai, na yi ta zagaye gari allo bai nuna komai ba, ashe masu 433 ne. Sai da aka sake kwance tayoyin huɗu na sake biyan kuɗin aiki, arhar ta koma tsada, mai sayarwan kuma ya ce tunda an riga an ɗaura ba ya karɓa. Ka ba mai shagon lambar VIN, wato lambar shasin motar, ya duba, musamman in motarka ta kusa da lokacin canjin ce.

Baƙon Montreal:
2021 ce yallabai. Kenan Bluetooth?

Direban Laval:
Akwai alama, amma dai a duba da VIN ɗin, minti biyu ne.

Bakanike a Calgary:
Malam barka da shigowa sanyi. Ni aikina kenan, daga Oktoba har ba ma samun zama. A Kanada doka ba ta tilasta sensa ba, a Amurka ne aka wajabta wa sababbin motoci tun 2007, Turai kuma 2014, saboda haka in ka bar su ba wanda zai tare ka. Amma ni ba zan ba ka wannan shawarar ba. Na ɗaya fitilar gargaɗi za ta zauna maka a allo wata huɗu har idonka ya saba da ita, ranar da wani abu na gaske ya faru ba za ka kula ba. Na biyu sanyi yana shan iska, duk saukar digiri 5 ko 6 taya na rasa kusan psi 1 (psi shi ne ma'aunin iskar taya). Ka hura 42 yadda aka rubuta a jikin ƙofa ranar da ake digiri 10, Janairu ta zo da 20 ƙasa da sifili, ka ga psi 5 ko fiye sun tafi ba ƙusa ba komai, ga motar da nauyin batir, taya mai laushi tana ƙara cin caji alhali dama sanyi da hita sun gama da rabonsu.

Maganar ta kasuwa kuwa ba duka ne banza ba, akwai kamfanoni irin su Autel da Schrader da suka daɗe a harkar, shaguna da yawa da su suke aiki. Wanda nake gudu shi ne marar suna marar garanti, don batirin sensa a rufe yake ba a canzawa, in ya mutu sai dai a kwance taya a sa sabuwa gaba ɗaya. Mai kyau tana kai shekara 5 zuwa 10, marar kyau kuma ba ka san shekara nawa ta yi a kwali kafin ta zo hannunka ba. Ka tambayi ranar da aka ƙera ta. Sannan bawul ɗin, in na alminiyam ne kar ka yarda a sa masa murfin ƙarfe mai ƙyalli, gishirin da ake watsawa a titi zai haɗe su wuri ɗaya, na sha ganin wanda ya karye a hannun mai shi wajen murɗewa. Murfin roba kawai.

Hajiya daga Oslo:
Ni dai Volkswagen ID.4 gare ni, babu sensa a cikin tayar ma, da saurin juyawar ƙafa take ganewa ta hanyar na'urar birki ta ABS, in an canza taya sai in hura in danna a allo shikenan. Amma ba ta nuna min lamba, sai ta ce wata ta yi ƙasa kawai, don haka ƙaramin geji na nan a mota kullum. Kai ma ƙanina ka sayi ɗaya, ka auna da safe kafin ka motsa motar.

Baƙon Montreal:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An duba VIN, Bluetooth ce, saura ƙiris da na sayi masu 433 ɗin can. Na ɗauki na shagon masu garanti. In an ɗaura sai na kai wa Tesla su saita ko yaya?

Bakanike a Calgary:
A'a ba sai ka je ba, da kanta take gano su. Ka tuƙa sama da kilomita 25 a awa na kamar minti goma zuwa ashirin lambobin za su fito. Ka shiga wajen saitin wili a allo ka zaɓi inci 18 in ba shi ne a kai ba. Kuma ka ce su ɗaure notin wilin a 175 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), bayan kwana biyu ka koma a sake duba ɗaurinsu.