IRQ ɗin sensa yana daskarar min da Pi, wace hanya zan bi?

Abban Hanif (Jidda): Salamu alaikum ƴan uwa. Ina rubuta direba na Linux (manhajar da ke haɗa Linux da na'ura) wa sensar zafi ta I2C (hanyar wayoyin da sensar ke magana da kwamfuta), na ɗakin sanyi ne, kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4. Da na karanta sensar a cikin handila (ɓangaren direban da ke amsa IRQ, wato siginar da sensa ke katse kwamfuta da ita) sai ya watso min "scheduling while atomic" ya daskare, don karatun I2C yana barci (yana tsayawa jiran amsa), handila kuwa ba a barci a cikinta. To in buɗe zarena (thread, aiki mai gudana daban da aka yarda ya yi barci) da kthread_run in riƙa tashinsa, ko in bi request_threaded_irq? Alhamis zan miƙa aikin.

Ɗan Riyad: Malam me ya kai ka Pi, nemi ƙaramin bod ɗin nan ESP32 ka huta, riyal 30 na saya

Injiniya Maryam: Abban Hanif kar ka wahalar da kanka, request_threaded_irq tun kanel (zuciyar Linux) 2.6.30 yake nan, 2009. Handila biyu yake karɓa, ta farko da ta cikin zare. Handilar farko ta mayar da IRQ_WAKE_THREAD, kanel da kansa zai buɗe maka zaren, a ciki ka yi barcinka. In ka bar ta farkon NULL (babu komai) to dole ka sa IRQF_ONESHOT, shi ke rufe layin IRQ har zaren ya gama.

Baba Takari: Hmm ONESHOT ɗin nan. Wani kamfani a Dammam muka gaji direban wani da ya tafi, layin level ne (sigina na nan riƙe har sai an amsa wa sensa), ya rubuta handilar farko da ba ta rufe komai kuma bai sa ONESHOT ba, sensa na riƙe da layi IRQ na ta zubowa zaren bai ma samu ya tashi ba, injin ya sume cikin dare kifi ya lalace, wallahi da asuba mudir (manaja) ya kira ni yana ihu, aka yanke min rabin albashi alhali wanda ya rubuta yana ƙasarsu yana shan shayi. Har yau abin na cina.

Sadiƙu: Allah ya mayar da alheri Baba. Kifin dai an raba ko 😂

Baba Takari: Kai yaro ka kiyaye ni

Ɗan Riyad: ni dai workqueue (jerin ayyukan da kanel ke ajiyewa ya yi daga baya) na sani kuma bai taɓa ba ni kunya ba

Injiniya Maryam: Workqueue layi yake bi da sauran ayyuka. Zaren IRQ kuwa SCHED_FIFO ne (yana shiga gaban ayyukan yau da kullum), fifiko 50, ka buga ps (umarnin nuna ayyukan da ke gudana) za ka gan shi irq/ da lambarsa. Kai ka taɓa rubuta direba ma?

Ɗan Riyad: Hajiya ba a digiri ake ba, a fili ake

Sadiƙu: kuma ESP32 ɗin 30 a ina? 65 aka ce min a Jidda

Abban Hanif (Jidda): Jama'a Pi ɗin na mai aiki ne ba zan iya canzawa ba. Injiniya layin nawa edge ne (sau ɗaya yake bugawa in sigina ta canza), ONESHOT ɗin har yanzu dole ne?

Baba Takari: Kafin nan ka sa ya rubuta maka a takarda wa ke da alhakin kaya in sun lalace. Su mudiran nan in aiki ya yi kyau nasu ne, in ya ɓaci na baƙo ne, ga sabunta iƙama (takardar izinin zama) a ja maka rai wata da watanni

Sadiƙu: Ai Baba tawa iƙamar ma tun bayan sallah take hannun kafili