Oga ya ce wai har milisibat 500 na radiyeshon doka ta yarda, gaskiya ne?

Baban Ummi: Salam 'yan uwa don Allah shawara nake nema. Ina aiki da wani kamfani a nan Abuja, muna ɗaukar hoton walda a bututu da iridiyum-192 (wani ƙarfe mai fitar da radiyeshon, wato haske mai illa da ido ba ya gani), shekara huɗu kenan har yau kwantiragi nake, ga haya a Kubwa ga madam wata takwas. To ran Talata sos ɗin, wato ƙwayar iridiyum ɗin, ya maƙale a tiyo ya ƙi komawa cikin kamara, akwatin da ke rufe shi, oga ya ce ni zan mayar da shi tunda na fi kowa daɗewa. Na je na yi. Bajona kuma, wanda ke auna radiyeshon ɗin da ya shige ni, yana mota. Yanzu yana ce min in kwantar da hankali, wai lokacin gaggawa har milisibat 500 (ma'aunin radiyeshon da jiki ya sha) an yarda. Wallahi barci ya gagare ni.

Injiniya: Oganka ya raina maka hankali. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara in an raba kan shekara 5, kuma kar ya wuce 50 a shekara guda. Wannan 500 ɗin na IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, don ceton rai ne ko hana babbar masifa, kuma duk abin da zai haura 50 sai da yardar mutum bayan an faɗa masa haɗarin. Ran wa ka ceto? Ko a hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011 daga 100 zuwa 250 Japan ta ɗaga. Minti nawa ka yi? Da hannu ka taɓa? Ka kai rahoto NNRA, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta Najeriya, gobe.

Maman Hanif: Ɗan uwa ka dage da shan madara, Allah ya tsare.

Injiniya: Hajiya madara ba ta goge komai. Gwajin jini zai yi, a duba fararen ƙwayoyi, kuma ya sa ido kan yatsunsa ko za su yi ja.

Ɗan Bukuru: Ku kuna da bajo ma. Mu da muka taso a kan yashin kuza mai radiyeshon wa ya taɓa auna mu? Da shi aka yi yaɓen gidanmu fa.

Sani: Kar ka je ko'ina malam, korarka za su yi, su ɗauki wani washegari. Ni haka aka min kan kuɗin obataim.

Baban Ummi: Injiniya da doguwar awartaki na yi, kuma ban duba agogo ba, wa zai tsaya duba agogo a lokacin. Shi ogan ma ba mugu ba ne, shi ya biya min kuɗin asibiti bara. In na kai ƙara wa zai biya hayar?

Injiniya: To bajon fa, me ya kai shi mota?