Muhawara: Wai dukiyar tarayya ba ta ɗorewa a Maraɗi?

Alhaji na Sabon Gari: Salamu alaikum. Na ga saƙon da aka turo jiya, wai mu zuba jikka 25 kowa, mu kafa koperatif, mu kama mangaza mu riƙa tara wake da aya da kaka, in sun yi daraja a saida. Ni dai ku cire ni. Dukiyar tarayya ba ta ɗorewa a ƙasar nan. Kowa ya riƙe nasa, in ɗan'uwa ya shiga matsi a agaza masa, abin da muka gada ke nan. Duk alhazan da suka gina garin ga, wane ne koperatif ta tayar?

Mushe: Wa alaikumus salam Alhaji. Wacce ka gani ta faɗi?

Alhaji: Ka tambayi duk mai furfura labarin UNCC, hukumar bashi da koperatif ta ƙasa, zamanin gyaɗa. A ba da iri bashi, a ce gari duka shi ne lamuni. In wasu suka ƙi biya, sai a cire daga rarar kuɗin da ake maido wa manoma bayan an gama ciniki. Mai gaskiya ya biya wa marar gaskiya. Farin 1973 da ciwon gyaɗa na 1975 suka zo, abin ya yi ta lalacewa har aka rushe ta cikin shekarun 1980. Bar ma wannan. Bayan yunwar 2005 wani furoje ya gina wa ƙauyenmu bankin cimaka, ya cika shi da hatsi. Yau awaki ke kwana ciki. Ƴan komiti suka ranta wa danginsu, ba wanda ya maido ko tiya guda.

Mushe: Duk abin da ka faɗa haka ne, amma dubi mai abin. UNCC gwamnati ta kafa ta a 1962, shekara guda da SONARA mai fitar da gyaɗa waje. Kana cikin gari an rubuta ka memba, ko ka so ko ba ka so, kuma ba ka zuba ko dala ba. Lissafi galibi yana hannun ma'aikata, manomi bai iya karanta shi. Bankin ƙauyenku ma hatsin baƙo ne. Mutanenmu ba su taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin nasu ba, shi ya sa ba wanda ya ji zafin mutuwarsu.

Hajiya ta Mokoyo: Alhaji, da girmanka, ka manta da mu mata. Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi, 1991, ƙungiyar CARE ta kawo tsarin bisa adashen da muka iya tun kakanni. Yau ƙasashe da yawa na Afirka sun kwaikwaya. Tamu ƙungiyar mu 28 ne. Duk Laraba bayan azahar a shimfiɗa tabarma a fito da akwatin ƙarfe. Kwaɗo 3 gare shi, mabuɗai na hannun mata 3, akwatin kuma na kwana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da mabuɗi. Kowa ta zuba dala 100, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Kafin a rufe a faɗi abin da ke ciki, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambaya: nawa muka bari? Har wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba tana riƙe da shi a ka. Ka makara akwai tara. Da kuɗin nan mata ke sarin gyaɗa su yi mai da ƙuli-ƙuli, da shi ake sayen jar akuya, da shi ake kai yaro likita cikin dare ba a tashi maƙwabci ba. Ba furojen da ya zuba mana komi, kuma shekara da shekaru ba a taɓa ɓatar da ko dala biyar ba.

Alhaji: Hajiya, Allah ya ƙara rufin asiri, ban raina ba. Amma dala 100 ba ta gwada zuciyar mutum. Bari ya kai miliyan 5 a mangaza ki gani.

Manomin Jiratawa: Nan kam Alhaji na da gaskiya rabi. Mu a fadamar Jiratawa koperatif ke riƙe da ban-ruwa. Injin ke jawo ruwa daga rijiyoyi, wuta ake biya, kowane mai fili na da kuɗin ban-ruwa da zai kawo bayan girbi. Matsalarmu ba sata ba ce, kunya ce. Ƙa'ida ta ce wanda ya ƙi biya a karɓe filinsa. To wa zai je ya karɓe filin kawunsa? Sai a yi shiru, bashi ya taru, injin ya lalace a rasa na gyara, zogale ya bushe wa har wanda ya biya. Amma Alhaji, in aka rushe koperatif gobe, ni kaɗai ba ni iya haƙa rijiya irin wannan, ba ni iya sayen injin. Ba mu da zaɓin kowa ya riƙe nasa.

Malam: Ina da tambaya ga Hajiya. In mace ta ranci jikka 10 a akwatin, nawa take maidowa?

Hajiya: Da can 11, Malam. Amma ƙarin cikin akwati yake komawa, ranar rabo ita ma ta samu kasonta.

Malam: Ko da ya komo mata, rancen da aka sharɗanta masa ƙari riba ce, a fahimtata. Ba ina hana haɗa kai ba, tarayya cikin kasuwanci halas ce, babinta sananne ne a fiƙihu. A haɗa jari, a saya, a saida, a raba riba da hasara gwargwadon abin da kowa ya zuba. Abin da nake roƙo, kada a gina wannan sabuwar bisa bashi mai ruwa.

Hajiya: Mu ma an yi mana wannan nasihar, shi ya sa na ce da can. Yanzu ƙungiya ke sayen buhun gyaɗar ta saida wa mace da ƴar riba sananniya, ta biya daga baya. Wasu ƙungiyoyin har yau suna kan tsohon tsari, ba zan ɓoye ba.

Auta: Baba Alhaji, ni na turo saƙon, bari in ƙara bayani. Ai kai ka fi mu sanin yadda ake yi. Da kaka manomi na neman kuɗin lakwal, na biki, na bashin taki, sai ya zubar da wakensa da arha. Watan 5 ko 6 ya dawo ya sayi hatsi da tsada. Wanda ke da mangaza shi ke cin tsakanin. Mu so muke manomin ya ci da kansa. Ba sabon abu ba ne, tun wajen 1999 aka fara warantaji a Nijar: a ajiye amfanin gona a sa kwaɗo 2, ɗaya na manoma ɗaya na mai ba da rance. Mu saboda maganar Malam ba za mu je banki ba, jarinmu za mu yi aiki da shi. Kuma dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta ce mutum 5 ma na iya kafa ƙaramar koperatif, amma dole bayan masu tafiyar da ita a zaɓi wasu daban masu sa ido kan lissafi.

Alhaji: Ɗiyata, takarda ba ta hana ƙwari cin wake. Kuma ba kowace shekara farashi ke tashi ba. Waken namu Najeriya ya nufa. A watan 8 na 2019 suka rufe iyaka fiye da shekara, a 2023 aka sake rufewa. Ni in na yi hasara na san tawa ce, in haɗiye in yi shiru. Ku ranar da mutum ya zuba jikka 25 aka maido masa 18, zumuncin ne zai fara tashi.

Mushe: To a faɗa wa kowa wannan tun ranar farko, a rubuta a karanta da Hausa gaban shaidu. Wanda bai iya ɗaukar hasara kada ya shiga. Kuma kada a zuba duka cikin wake, a raba da aya da hatsi.

Manomin Jiratawa: Ku ƙara guda: shugaba da ma'aji kada su fito gida ɗaya, kuma babu rance daga mangaza ko ga wa, ko liman ne.

Hajiya: Mabuɗi ɗaya kuma hannun mace.

Alhaji: Ban shiga ba, kuma ban canza ra'ayi ba. Amma kada ku sayi buhu na banza, ku nemi mai leda biyu ciki wanda ke kashe ƙwari ba magani. Ina da wanda nake saya wurinsa a babbar kasuwa.

Auta: Na gode Baba. Taron na nan ranar Juma'a bayan la'asar. Hajiya, don Allah ki zo da ma'ajiyarku ta nuna mana yadda kuke ƙirgar, Malam kuma ya duba mana sharuɗɗan kafin kowa ya sa hannu.