Albasar Galmi da rufe iyakar Nijar: kowa ya faɗi abin da ya gani

Dillalin albasa, Adjen Kotoku, Ghana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda rikicin Nijar ya taɓa sana'arsa ya ba mu labarin abin da ya gani da idonsa. Ni dai lokacin da sojoji suka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS kuma ta ƙaƙaba takunkumi bayan kwana huɗu, motarmu tana Gaya maƙare da albasar Galmi, ba ta samu ƙetare gadar Malanville da ke iyakar Benin ba. Da aka kwance tamfol, buhunan ƙasa sun narke suna tsiyayar baƙin ruwa, rabin kayan kuwa bashi na ɗauko.

Direban tirela, Tema:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Mu sai muka koma bin Paga da ke iyakar Ghana da Burkina, mu ratsa Wagadugu, Kaya, Dori har Tera, hanyar da ba a shigarta sai da rakiyar sojoji saboda masu tayar da ƙayar baya. Na yi kwanaki a Kaya ina kwana ƙarƙashin mota muna jiran ayari ya cika, guzuri ya ƙare, mai kaya kuma yana ta bugo waya kamar ni na tare hanyar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren na iyakar Benin a rufe, don haka ba mu ga wani sauƙi ba.

Mai sayar da kayan miya, Nima:
Ƙanena, mu da ke kasa albasa a faranti mu muka sha zagi, domin mai saye ba ruwanta da Tiani, shugaban sojojin da suka ƙwace mulki, ni take gani.

Dattijo, Sabon Zango:
Hajiya, a ganina harshen shugabanni ma yana da nasa laifin. Tun da Akufo-Addo, shugaban Ghana na lokacin, ya zargi Burkina da ɗauko sojojin hayar Rasha na Wagner a Disamban 2022, har aka kira jakadan Ghana ya yi bayani, na lura fuskar jami'an iyakar Burkina a Dakola ta sauya mana. Da magajinsa Mahama ya zagaya Bamako, Yamai da Wagadugu a Maris 2025, bayan ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairu, sai na ga an ɗan sassauta. Na je ta'aziyya Tawa bayan haka, kuma da fasfona mai tambarin ECOWAS na wuce, sai dai tun daga Dakola ake sauke mu a shingaye ana duba takardu ɗaya bayan ɗaya.